Dokin Razak da Ba Ya Gumi

Muryar da ke tashina da asuba babu ita yanzu. Da, ina kwance nake jin maigidana ta taga, yana zuba wa dokinsa ruwa a gindin mangwaron bayan gida, yana tambayarsa yadda ya kwana kamar zai amsa masa. Allah ya karɓi abinsa a cikin azumin da ya wuce. Na gama takaba, na koma sana'ata, na dawo wannan shafi, amma har yau in asuba ta yi sai kunnena ya tafi taga.

Ban saba kiran sunansa ba. Baban Aliya nake ce masa, haka ma duk Zongo. Yau labarinsa zan ba ku, shi da wani mutum. Mutumin ne da kansa ya zauna ya faɗa mini abin da ban gani ba, ya ce in rubuta, kar in ɓoye sunansa.

Akwai wani dillalin shanu a unguwar Alabar, nan Kumasi, mai suna Razak.

Razak ya iya sana'arsa. In ya hango sa daga nesa ya faɗi naman da ke jikinsa, mahauta ba sa musu. Hannunsa a sake yake, ba ya cin abinci shi kaɗai. Aibinsa guda ne: in ya riga ya faɗi magana a gaban mutane, ko ya gane kuskure ce ba ya janyewa.

Yana cikin mahayan Zongo. Ba su da yawa, don riƙe doki a Kumasi sai mai so. Ga ƙuda, ga danshi mai ɓata kofato, ga rashin fili. Yawancinsu 'yan kasuwar shanu ne, sai tela ɗaya da wani malamin makarantar allo. Dattijonsu Alhaji Iddi, shi ke raba musu gardama.

Duk shekara bayan babbar sallah suna yin doguwar tafiya, daga Mamponteng har saman tudun Mampong, ta hanyoyin gona. Ba tseren sukuwa ba ne, na juriya ne. Ana tashi bayan sallar asuba, a huta a Agona, sannan a fuskanci tudu. Wanda ya fara isa sama shi ke ɗaukar wata tsohuwar likkafar tagulla da kakanninsu suka zo da ita daga arewa, ya rataye ta a gidansa har shekara ta zagayo.

Dokokinsu kaɗan ne, amma akwai guda mai nauyi. Ba a kama linzamin wani. An taɓa yin haka da daɗewa, mahayi ya faɗi ya karye, aka yi gaba ta shekaru. Tun daga nan duk wanda ya sa hannu a linzamin ɗan'uwansa ya fita daga tafiyar ranar, kuma ba zai shiga ta baɗi ba.

Wata tafiya da Razak ya yi sayen shanu can cikin Burkina, sai ya dawo da doki. Akawal ne, baƙi wuluk, dogo, mai faɗin ƙirji. Mai dokin ya yi sukuwa da shi a gabansa da tsakar rana, da ya tsaya jikinsa a bushe, sai ɗan farin gishiri a wuya. Razak ya shafa ya ce wannan shi ne doki. Ya sa masa suna Jirgi.

Watannin farko a Kumasi Jirgi ya yi ta gumi kamar kowane doki, har yana ɗiga ta ciki. Abin ya ɓata wa Razak rai. Sai gumin ya fara raguwa. Ya koma ƙarƙashin geza kawai. Da damina ta kama, ya ɗauke gaba ɗaya.

Razak ya ce alhamdu lillahi, doki ya saba da gari, ya koma asalinsa.

Ran Lahadi da yamma suna fita kilisa a wani fili wajen Dichemso. In an tsaya, dawakan kowa sun jiƙe sharkaf, kumfa na zuba tsakanin cinyoyi. Sai Razak ya zaro farin hankici daga aljihu, ya goga a wuyan Jirgi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. A bushe. Samari su yi ta tafi.

Wanda ya fi shan tsokana shi ne Baban Aliya. Dokinsa kili ne, ba babba ba, ya fara tsufa, ana ce masa Ɗan Bolga saboda inda aka sayo shi. Babu dokin da ya kai shi gumi.

"Baba, wannan doki ne ko soson wanka?" in ji Razak. "A matse shi a cika wa Maman Aliya randa."

Baban Aliya ya yi dariya ya ce ai da ya huta da biyan kuɗin famfo. Amma idonsa na kan Jirgi. Sauran dawaki sun daina haki sun sa baki a ciyawa, shi Jirgi har lokacin cikinsa na sama da ƙasa, hancinsa a buɗe.

Ana saura kwanaki a yi tafiya, Baban Aliya ya je gidan Razak shi kaɗai. Ya sami Jirgi a inuwa, bai yi aikin komai ba, amma yana haki. Dokin ya kifar da bokitin ruwansa yana tsaye a cikin jiƙon. Gashin kewayen idonsa ya fara zuba. Razak ya ce ɓarna ce kawai irin ta doki mai jini, kullum sai ya zubar da ruwa.

Baban Aliya ya jawo benci ya zauna. Ya ce masa ba ɓarna ba ce, sanyi dokin ke nema. Ya ce a arewa doki yana gumi, iska ce ke shanye shi nan take, shi ya sa kake ganinsa a bushe. A nan kuwa iskar kanta a jiƙe take. In ka ga doki a bushe a Kumasi bayan ya yi gudu, to gumin ne ya toshe, zafin yana nan a ciki ba shi da ƙofar fita. Ya ce yana yaro ya ga dokin mahaifinsa ya mutu a haka, suna tsaye suna yabonsa. Ya roƙe shi ya kira likitan dabbobi, ya kuma bar Jirgi a gida bana.

Razak ya saurara har ƙarshe. Abin da ya faɗo masa a rai daban ne. Kowa ya san manyan dawaki biyu da suka saba ɗaukar likkafa sun yi tsufa, bana ba za su fita ba. Kowa ya san Baban Aliya ya yi shekaru yana wannan tafiya bai taɓa ɗauka ba, kullum na uku ko na huɗu. Bana likkafa tana tsakanin Jirgi da Ɗan Bolga.

Ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya bar zumunci."

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma da yamma ya je inda mahaya ke shan ataya, shayin nan mai kumfa, ya ba da labarin yana kwaikwayon muryar dattijon. Ya ce an zo har gida ana ba shi shawara ya zauna don wani ya samu ya ci. Aka yi dariya. Da ya koma gida ya ga Jirgi ya sake kifar da bokiti, wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa. Amma magana ta riga ta fita a gaban mutane.

Ranar tafiya, an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai kaifi. Ko ganye ba ya motsi. Tun kafin a hau, rigunan mutane sun manne a bayansu.

Jirgi ya fita kamar sunansa. Kafin Ntonso ya ba kowa rata. Razak yana jin daɗi, yana gaisa da mata masu zuwa gona, yara na bin sa da gudu. Sai dai da rana ta ɗaga ya fara jin wani zafi yana ratso sirdi yana shiga cinyoyinsa. Ya ce wa kansa baƙin doki ne, dole ya sha rana.

A Agona an jera manyan robobi na ruwa a inuwar itatuwa. Jirgi bai tsaya shan ruwa kamar doki ba, kansa ya tsoma har ido. Ba a jima ba Ɗan Bolga ya iso, yana ɗiga, shi ne na biyu. Baban Aliya ya sassauta masa majayi, ya shayar da shi, ya wanke masa ƙafafu. Sannan ya tako wurin Razak ya nemi izinin sa hannu a ƙarƙashin sirdin Jirgi.

Razak ya ce bismilla, har ya kira samari su zo su gani.

Baban Aliya ya zura hannu, ya ɗan jima, ya zaro. Tafin hannunsa a bushe.

"Kun gani?" in ji Razak.

"Razak, sauke sirdin nan," in ji Baban Aliya, a hankali yadda ba kowa ya ji ba. "Dokin nan dahuwa yake daga ciki. Ba zai hau tudu ba."

Razak ya ce lokacin hutunsa ya cika. Ya ɗaure majayi. Baban Aliya ya juya wurin Alhaji Iddi ya roƙe shi ya hana. Alhaji ya ce shi ma dokin bai yi masa ba, amma ba su da dokar da ta ba shi ikon sauke mutum daga kan abinsa.

Razak ya sa ƙafa a likkafa ya hau. Ya juya kan doki zai fita, sai ya ji an riƙe.

Baban Aliya ne, hannunsa a kan linzami.

Duk wanda ke nan ya san abin da hannun nan ya jawo wa mai shi.

"Baba, ka san doka."

"Na sani."

"To sake."

"Ka sauka in sake."

Razak ya dubi mutane, ya ga duk idanu a kansa. Ya ɗaga bulala ya sauke ta a bayan hannun dattijon. Fata ta tsage. Hannun bai saki ba. Sai da Alhaji Iddi ya zo ya dafa kafaɗar Baban Aliya ya ce masa ya fita daga tafiya, mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa. A bayan taro wani ya ce wannan hassada ce ƙiri-ƙiri, babba da shi.

Razak ya sa ƙaimi ya tafi.

Ya wuce Jamasi shi kaɗai a gaba. Inda hanya ta fara miƙewa sama, tsakanin gonakin koko, Jirgi ya yi tuntuɓe a inda babu dutse. Ya sake yi. Razak ya taɓa shi da ƙaimi, doki bai amsa ba. Ya tsaya cik, ƙafafunsa na rawa, ya yi tangaɗi kamar mai maye, ya durƙusa. Razak ya yi tsalle ya dira, Jirgi ya kwanta a gefen hanya.

Da ya cire sirdi ya dafa bayansa, sai da ya janye hannu. Kamar murfin tukunya.

Ledar ruwa biyu ce a aljihunsa. Ya fasa ya zuba, suka ɓace a jikin dokin kamar ba a zuba ba. Ya kira mai keken da ke ɗauke da ruwan tafiya a waya, mutumin ya ce ya riga ya bi titi ya hau sama, kuma keke ba zai shiga wannan hanya ba. Mahaya biyu suka iso, suka yi salati, suka ba shi abin da ya rage a gorunansu, suka ce za su turo mutane daga sama. Razak ya san kafin a sauko an gama.

Ya tuɓe riga yana yi wa doki fifita. Idon Jirgi a buɗe amma ba ya kallon komai. Razak ya sa hannu a aljihu neman abin da zai jiƙa, ya zaro farin hankicin nan. Ya dube shi, ya jefar.

Sai ya ji takun kofato daga ƙasa, a hankali.

Baban Aliya ne a ƙasa, yana jan Ɗan Bolga, an ɗaura masa jarka biyu, ɗaya ta kowane gefe. Hannunsa naɗe da tsumma. Ashe Razak na barin Agona, dattijon ya ari jarkoki a wani gida, ya hau ya bi sawun Jirgi. Da ya zo rafin da ke gindin tudu ya cika su, ya sauka ya tako da ƙafa don kar nauyi ya yi wa dokinsa yawa.

Ya kwance jarka ya miƙa.

"Zuba a wuya da tsakanin ƙafafu. Share da hannunka, ka sake zubawa. Kar ka bar ruwan ya ɗumama a jikinsa."

Suka yi ta yi. Ruwan da ke gangarowa daga jikin Jirgi da ɗumi yake sauka, kamar na wanka. Jarka ɗaya ta ƙare, ta biyu ta kusa. Baban Aliya ya miƙe ya ɗaga murya cikin gona da Asantanci, yana neman taimako. Wata dattijuwa ta fito da adda a hannu, 'ya'yanta mata biyu a bayanta. Ta dubi doki, ta dubi mutanen, ta aika a kwaso kwanonin da suke tara koko.

Aka shiga jigila tsakanin rafi da hanya. Razak, wanda a kasuwa yara ke riƙe masa jaka, ya ɗora kwano a ka yana hawa yana sauka, ruwa na zubo masa a fuska, ba riga, ba takalmi ɗaya. 'Yan matan suka saro ganyen ayaba suna fifita. Aka ja reshe aka yi wa kan dokin inuwa.

Dattijuwar ta lura da tsumman da ya jiƙe da jini. Ta tambayi Baban Aliya wa ya yi masa wannan.

"Aikin doki ne, Maame," in ji shi.

Razak na tsaye da kwano a ka, ya ji.

Ba su san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Hakin ya fara lafawa. Kunne ɗaya ya motsa. Jirgi ya ɗaga kai, ya mayar, ya sake ɗagawa. Baban Aliya ya hana a ja shi, ya ce a bar shi ya yi niyya da kansa. Can sai ya tattara ƙafafu ya miƙe, yana rawa. Ya yi fitsari baƙi-baƙi. Ya tsaya shiru. Sannan ya sunkuya ya fizgi ciyawa.

"Ya dawo," in ji Baban Aliya. Ya nemi gindin koko ya zauna, sai a lokacin ya kwance tsumma ya duba hannunsa.

Razak ya zo ya tsuguna a gabansa. Da ƙyar ya ce, "Baba, bayan abin da na yi maka, me ya sa ka biyo ni?"

"Ba kai na biyo ba. Kai da ƙafafunka za ka koma gida. Shi na biyo."

Razak ya ce mini a nan ne ya yi dariya da kuka a haɗe, har matan gona suka juya baya don kar ya ji kunya.

A motar shanu aka dawo da dawakan biyu. Likkafa kuwa tela ne ya ɗauka a shekarar. Ni abin da na gani da idona shi ne maigidana ya shigo bayan magariba da kumburarren hannu. Na tambaya. Ya ce, "Dokin ya rayu. Akwai tuwo?"

Lahadin da ta biyo, ana shan ataya, kowa na nan, Razak ya miƙe tsaye. Mutumin da bai taɓa janye magana ba ya janye ta tun daga farko. Ya faɗi zuwan Baban Aliya gidansa, ya faɗi yadda ya juya maganar, ya faɗi bulala, ya faɗi jarkoki. Ya ce wanda ya ce hassada a Agona daga bakinsa ya ɗauka, don haka laifin nasa ne. Ya roƙi Alhaji Iddi ya ɗage hukuncin daga kan dattijon ya ɗora masa.

Alhaji ya yarda, jama'a suka yarda. Baban Aliya ne ya ƙi.

Ya ce ya kama linzami, kowa ya gani. In an ɗage masa, gobe wani zai kama don hassadar gaske ya ce ceto ya yi. Ya ce a bar doka a inda take, a ƙara mata 'yar'uwa: a Agona kowa ya sauke sirdi, a sa mutum ɗaya ya bi dawaki da hannu, wanda ya ce dokinsa ya tsaya, ya tsaya. In an yi haka babu wanda zai sake buƙatar kama linzamin wani.

Aka amince. Ya ce shi kuwa shekara ɗaya ce, zai huta, Ɗan Bolga ya yi ƙiba, shekara mai zuwa bayanta su gani.

Likitan dabbobi ya duba Jirgi ya faɗi abin da aka riga aka faɗa. Ya ce in ana son dokin ya daɗe, a mayar da shi inda iska ke a bushe. Razak ya yi ta jan ƙafa, don ransa na kan dokin. Ƙarshe ya sa shi a mota da hannunsa ya kai wa wani amininsa can arewa, kyauta, da sharaɗin ba za a yi tsere da shi ba. Bayan watanni aminin ya turo hoton wuyan Jirgi a jiƙe. Razak ya yi ta yawo da hoton a kasuwa yana nuna wa mutane, kamar yadda yake yi da hankici a da. Bai sake sayen doki ba.

Shekarar hutun Baban Aliya ba ta cika ba. Wani ciwo ya kama shi, bai daɗe ba, ana tsakiyar azumi ya tafi.

Razak ya roƙi liman a sa shi cikin masu wanka. Ya ce mini da ya zo kan hannun dama ya ga tabon nan, dogo, fari, a bayan hannu. Ya riƙe hannun ya kasa ci gaba. Liman ya jira shi.

Bayan sadakar bakwai 'yan'uwa suka fara ba ni shawara in sayar da Ɗan Bolga. Gaskiya suka faɗa. Mace mai takaba, ga 'ya, ga doki a tsakiyar Kumasi, wa zai yanko ciyawa, wa zai fita da shi? Na ce to, amma duk wanda ya zo dubawa sai in ce ya dawo gobe.

Sai Razak ya zo da Alhaji Iddi. Suka tsaya a ƙofar gida, suka aiko Aliya. Ya ce in bar dokin a turkensa. Ciyawa, dusa, kanwa, magani, wanka, duk nasa ne. Ya ce ba saye yake ba, ba aro ba, dokin na Aliya ne. Shi dai a ba shi izinin zuwa.

Tun ranar bai fasa ba. Daga masallaci sai gindin mangwaro, sannan kasuwa.

Bana da aka yi tafiya, Razak bai hau ba. A Agona ya tsaya, ya naɗe hannun riga, shi aka ba aikin bin dawaki. Aka ce wani saurayi mai suna Muhaimin ya iso na farko da sabon doki ɗan arewa. Razak ya sa hannu a bayan dokin, ya saurari numfashinsa, ya ce ya tsaya. Saurayin ya fusata, ya ce mutumin da ba shi da ko doki ne zai hana shi likkafa?

Razak bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanena, na taɓa wuce nan da irin wannan dokin. Na san abin da ke bayan Jamasi. Ɗauko bokiti in nuna maka yadda ake zubawa."

Muhaimin ya ɗauko bokiti. Dokinsa yana nan da rai, na gan shi ran Juma'a.

Mahaya yanzu in sun zo wannan dubawa ba sa cewa a duba doki. Cewa suke a kawo hannun Baban Aliya. Maigidana bai taɓa rataye likkafar tagulla a gidan nan ba, ko sau ɗaya. Na duba bangon da za a rataye ta, ban ga abin da ya rage mana ba.

Razak ba mai yi wa dabba magana ba ne. Aikinsa yake yi shiru ya tafi. Amma shekaranjiya da asuba ina kwance na ji zubar ruwa, sai na ji murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ɗan Bolga, ka kwana lafiya? Sauro bai dame ka ba?"

Ba muryar ba ce. Amma na tashi na dafa koko na ba Aliya ta kai masa.

Darasi: Abin da kake ɗagawa sama kana nuna wa mutane, wani lokaci shi ne ciwon da ke cin ka. In wanda ya riga ka gani ya zo har gida ya faɗa maka a asirce, kar ka kai maganarsa majalisa a yi dariya, kar ka ce hassada ce don kawai ba ta yi maka daɗi ba. In kuma kai ne ka ga ɗan'uwanka zai halaka abin da Allah ya ba shi amana, ka faɗa masa. In ya ƙi ji, ka cika jarka ka bi bayansa. Ku tura wannan labari ga duk mai riƙe da dabba, da duk wanda janye magana ke yi wa wuya.

Na ce ban saba kiran sunansa ba, amma zan rubuta shi sau ɗaya don ku sa shi a addu'a. Sunansa Tijani. Allah ya jiƙan Tijani, ya yafe masa, ya sanyaya masa kabarinsa kamar yadda ya sanyaya wa dabbar da ba ta da bakin roƙo. Allah ya shayar da shi daga tafkin Annabi, ya jiƙan naku da suka riga mu. Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya ce amin.